Kurakuran masu komawa busa kilarinet wajen sayen mai araha

Cikin 'yan watannin nan mutum uku suka kawo mini kilarinet ɗin da suka saya, wato abin busa irin na Turawa mai ɗan kama da algaita, domin in duba. Dukkansu manya ne, sun ajiye busa tun suna makaranta, yanzu sha'awar ta dawo. A cikin ukun babu ko ɗaya da ke fitar da sautin ƙasa sai an danne maɓallai da ƙarfin tsiya. Kuma kowannensu abu ɗaya ya ce mini: "Ina jin hannuna ne ya manta." Hannu bai manta ba, kayan ne ke yoyon iska.

Zan fara da kuskuren da ya fi ci mini kuɗi. Mutum ya ga ya girma, yana da abin hannunsa, sai ya raina na roba, ya ce na yara ne, shi sai na katako. Haka na yi da na dawo bayan shekara 14. Na ga wani tsohon kilarinet na katako a intanet, hotonsa baƙi wuluk yana sheƙi, kuɗinsa bai kai na sabon na roba ba. Ban yi tambaya ko ɗaya ba na biya. Da ya iso, akwatin na warin ruma, ƙwari sun cinye matosan da ke rufe ramuka, kok ɗin gaɓoɓi, wato ɓawon itace mai taushi da ake naɗawa a mahaɗar sassan bututun, ya bushe yana ɓarewa. Mai gyara ya kwance shi gaba ɗaya ya sake masa komai, abin da na biya shi ya zarce kuɗin saye. Na daure. Sai na shiga busa shi awa guda kullum a ɗaki mai sanyi, a mako na biyu wani siririn layi ya bayyana a gaɓar sama, kusa da ramukan gefe. Ya tsage.

Katakon da ake yin waɗannan da shi, girenadila, wanda akasari daga Tanzaniya da Mozambik yake fitowa, yana shan danshi. Numfashinka mai ɗumi yana jiƙa cikin bututun, cikin ya kumbura, wajen kuma yana bushe, sai ya fashe. Wanda ya daɗe a ajiye ya fi kowanne haɗari, dole a lallaɓa shi da minti 10 ko 15 a rana na wasu makonni. Babu wanda ya gaya mini wannan. Shi ya sa nake jin haushi idan na ga ana zuga mai dawowa cewa sai katako ne ke ba da sauti. A shekarar farko, bakinka da numfashinka ne ke yanke yadda sautinka zai kasance, kuma mai sauraro ba zai bambance ba.

Ni abin da nake gaya wa mutane shi ne su nemi na roba daga kamfanin da masu gyara suka sani: Yamaha YCL-255, ko Buffet Prodige, ko wanda ya gabace shi B12. Idan kuɗi sun yi kaɗan, tsohon Vito ko Bundy da aka gyara yana aiki sarai. Wasu malamai za su ce ka tsallake kai tsaye zuwa irin su Buffet E11 na katako, ni ban yarda ba sai ka yi shekara kana busa ba fashi.

Sannan don Allah ku daina sayen na hannu ba tare da gwaji ba. Wannan sakaci ne kawai. Gwajin bai fi minti biyu ba: cire gaɓar sama ita kaɗai, toshe ƙasanta da tafin hannu, rufe ramuka da yatsu, ka tsotsi iska daga sama. Idan ta kama leɓenka ta riƙe, matosan na rufewa. Idan iska na sulalewa, akwai gyara a gabanka, ka sa kuɗinsa cikin lissafi. Yi wa gaɓar ƙasa haka. Idan daga nesa ne, kada ka biya sai mai sayarwa ya yarda za ka iya mayarwa bayan mai gyara ya duba. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ya san abin da yake ɓoyewa.

Wani kuskuren da ke sa ni ɗaga murya shi ne na harshen kara, wannan ɗan falle da ke karkarwa a bakin busa. Mutum ya tuna yana amfani da lamba 3 da rabi lokacin ƙuruciya (lambar tana nuna taurin harshen ne), sai ya sayo kwali guda na irinta. Tsokar leɓe ta saki tun tuni. Bayan minti biyar iska na fita ta gefen baki, yana cizon leɓe, sauti na shaƙewa, sai ya ɗora wa kilarinet laifi ya fara neman wani mai tsada. Ɗaya daga cikin mutum ukun nan har ya sa nasa a kasuwa. Na ba shi lamba 2, nan take sautin ya buɗe. Ka fara da 2 ko 2 da rabi, kuma ka sani lambar kamfanin Vandoren ta fi ta kamfanin Rico tauri ko da adadin ɗaya ne. Bakin busar ma ka duba shi: idan gefen tsininsa ya gutsure, jefar da shi. Yamaha 4C ya ishe ka farawa. Ni sai da na yi wata shida sannan na koma Vandoren B45, kuma canjin da ya kawo ya fi wanda sabon kilarinet zai kawo.

Saura ƙanana ne. Kilarinet masu launin ja ko shuɗi marasa sanannen suna, ƙarfen maɓallansu taushi ne da shi, yana lanƙwashewa, masu gyara da yawa ba sa karɓarsu. Ka tabbata na Bb ne, wato nau'in da aka fi koyo da shi, domin nau'in A kamanninsu ɗaya, ya ɗan fi tsawo kawai. Ka tabbata tsarin yatsun Boehm ne idan shi ka koya; Oehler na Jamusawa da tsohon Albert wurin yatsunsu daban. Tsoho mai tambarin HP, wato mai sauti sama, sautinsa ya haura A 440, ma'aunin daidaita sauti da ake bi yanzu, ba zai daidaita da sauran masu kiɗa ba. Idan an buga lambar ƙira a gaɓar sama da ta ƙasa, su zama iri ɗaya. Ka sayi man kok da ƙyallen tsane ciki tun ranar farko, ka ja ƙyallen ta cikin bututun duk lokacin da ka gama, ko na roba ne, domin danshi ne ke ruɓar da matosai.