Yadda Ake Zaɓar Naman Abincin Dare da Dafa Shi Yadda Ya Dace

Kafin ki yanke shawarar naman da za ki saya, uwargida, fara duba agogo. Minti nawa ko awa nawa ne tsakanin ɗora tukunya da zaman cin abinci? Amsar ita ce za ta nuna miki ɓangaren dabbar da ya kamata ki nema. Ƙwaurin sa nama ne mai daɗi ƙwarai, amma in minti 40 kacal ya samu a wuta, sai an yi kokawa da shi a faranti. Ƙirjin kaza kuwa in ya yi awa biyu yana tafasa, zai fito a bushe yana tsinkewa zare-zare. Duka biyun nama ne mai kyau da aka yi wa dahuwar da ba tasa ba.

Mataki na farko: san inda naman ya fito a jikin dabba

Duk tsokar da ta sha aiki lokacin da dabbar ke raye tana da tauri. Wuya yana ɗauke da kai, kafaɗa da ƙwauri suna ɗauke da jiki, jela ba ta hutawa. Waɗannan wurare cike suke da jijiya da farar yanar nan da ke naɗe da tsoka, wadda masana ke kira kolajin. In ta daɗe cikin zafi mai danshi, daga wajen digiri 70 na ma'aunin Selshiyas zuwa sama, sai ta narke ta koma jelatin. Shi ne abin da ke sa romo ya yi kauri, ya riƙa kama leɓe, ya kuma daskare in ya huce. Narkewar nan ba ta faruwa cikin gaggawa, kuma ƙara wuta ba ya hanzarta ta yadda ake zato. Lokaci take buƙata.

Tsokar gadon baya, musamman doguwar tsokar da ke kwance ƙarƙashin ƙashin baya, ba ta yin wani aikin kirki. Shi ya sa take da laushi tun tana ɗanya, kuma 'yan mintoci a kasko mai zafi sun ishe ta. Ƙirjin kaza, hanta, ƙoda da niƙaƙƙen nama duk suna cikin wannan rukuni na masu saurin dahuwa.

Cinyar sa ce ke yaudarar mutane. Tsoka ce zalla, ja jawur, ba kitse ba ƙashi, don haka ido yake fara sauka a kanta in za a yi miya. Amma ba ta da laushin gadon baya, ba ta kuma da isasshiyar jijiyar da za ta narke ta jiƙa ta. In ta daɗe a tukunya sai ta yi laushi amma a bushe. Ni dai in miya zan yi, kafaɗa ko wuya nake nema, cinya kuma in yanka ta siriri-siriri in soya.

Shekaru ma suna da tasiri. Kazar gidan gona da ake kiwo don nama ana yanka ta tana da mako 6 zuwa 7, minti 30 zuwa 40 sun ishe ta. Tsohuwar kazar da ta gama ƙwai, ko wadda ta girma tana yawo a sake, tana iya cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, sai dai romonta ya fi nesa ba kusa ba. Naman akuya ba shi da kitse kamar na rago, saboda haka ya fi saurin bushewa a gashi, ya fi kuma jin daɗin tukunya mai murfi.

A taƙaice, in minti 30 zuwa 45 kike da su, nemi kaza matashiya, gadon baya, hanta ko niƙaƙƙen nama. In kina da awa biyu zuwa uku, nemi wuya, kafaɗa, ƙwauri, haƙarƙari, jela ko tumbi.

Mataki na biyu: a wurin mai nama

Faɗa masa abin da za ki dafa, ya fi ki ce kawai a ba ki nama mai kyau. Mahaucin da ya san aikinsa ya san inda zai sa wuƙa in ya ji miya ce ko gashi.

Sai ki duba da kanki. Launi yana taimakawa, amma bai kai yadda ake ɗaukarsa ba. Jan nama daga wani sinadari ne mai suna mayogulobin. Sabon yanka yakan yi ja mai duhu, in ya sha iska ya yi ja mai haske, in ya ƙara jimawa ya fara komawa ruwan ƙasa. Ɗan duhun nan kaɗai ba ya nufin nama ya lalace. Abin gudu shi ne kore-kore ko toka-toka, da yauƙi a jikin naman, da wari mai tsami. Hanci ya fi ido gaskiya a nan. Ki danna da yatsa, nama mai kyau yana da ƙarfi, wurin da kika danna kuma zai taso ya koma yadda yake. In yana kwance cikin ruwa mai yawa, ki wuce shi.

Ki lura da siraran zanen kitse da ke ratsa cikin tsoka. Su ne ke narkewa su ba nama daɗi, sun fi kitsen da ke manne a gefe amfani. Kitsen sa mai ɗorawa-ɗorawa ba cuta ba ce, yawanci alama ce ta dabbar da ta ci ciyawa ko ta manyanta.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: naman da aka yanka ɗazu-ɗazu ba shi ne ya fi laushi ba. Bayan yanka da 'yan awoyi tsoka takan sandare, a jikin sa sandarewar kan kai wajen kwana guda kafin ta fara saki. Naman da ya kwana ɗaya ko biyu a cikin sanyi ya fi wanda aka dafa yana tsakiyar sandarewa laushi. Sharaɗin shi ne sanyi. In babu firjin da za a dogara da shi, a dafa a ranar.

Wajen yawa, giram 120 zuwa 150 na tsoka marar ƙashi sun ishi babban mutum ɗaya, in da ƙashi kuma giram 200 zuwa 250. Nama yakan rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa a wuta, tunda kusan kashi 70 cikin 100 nasa ruwa ne. Kuma nama ya zama abu na ƙarshe da za ki saya, don kada ya yi ta yawo a jaka cikin zafi.

Mataki na uku: da isowarki gida

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Kada ɗanyen nama ya wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi, sama da digiri 32, awa ɗaya. A firji ki sa shi a rufe a can ƙasa, don kada ruwansa ya ɗiga kan abin da za a ci ba dahuwa. Kaza, kayan ciki da niƙaƙƙen nama kwana ɗaya zuwa biyu suke yi a firji, gunduwar naman sa ko rago kwana 3 zuwa 5. Abin da ya wuce haka sai firiza, kuma ki kasa shi daidai girki ɗaya-ɗaya kafin ya daskare. In za ki narkar, ki sauko da shi firji tun daren jiya, ko ki sa shi a leda ki nutsa cikin ruwan sanyi kina canza ruwan duk minti 30.

Batun wanke kaza akwai ja-in-ja. Hukumomin kula da lafiyar abinci a Amurka da Birtaniya suna ba da shawarar kada a wanke ɗanyar kaza a ƙarƙashin famfo, domin ruwan ba ya kashe ƙwayoyin salmonela da kamfilobakta, fantsama su kawai yake yi kan kwanuka da hannu. Wuta ce ke kashe su. Amma naman da aka sara da ƙashi yakan zo da ɓarɓashin ƙashi ko yashi, dole a cire. In haka ne, ki wanke a cikin roba mai zurfi a hankali, ki zubar da ruwan ba tare da fantsama ba, sannan ki wanke robar, wurin da hannunki da sabulu. Katakon da aka yanka ɗanyen nama a kai kada ya taɓa ganye ko tumatirin da za a ci ɗanye sai an wanke shi.

Mataki na huɗu: yanka da gishiri

Duba yadda zaren tsokar ya miƙe, ki yanka a gicciye. Wannan kaɗai yana rage tauri sosai, domin wuƙa ta riga ta yi wa haƙori rabin aiki. Gutsattsarin su zama girma ɗaya don su dahu tare.

Gishiri ki sa shi ko dai minti 40 ko fiye kafin girki, ko kuma daidai lokacin da za ki sa a wuta. Tsakanin nan gishirin ya jawo ruwa waje amma naman bai mayar da shi ciki ba, sai ki sa jiƙaƙƙen nama a kasko. In kina son ƙarin laushi, ɗanyar gwanda, abarba da ɗanyar citta suna da sinadaran da ke karya tsoka, sai dai gwanda da abarba suna da ƙarfi, in suka wuce awa ɗaya ko biyu saman naman zai dame. Lemun tsami da yogot sun fi sauƙin hali, amma aikinsu a saman nama yake tsayawa.

Mataki na biyar: wuta

Ko wace hanya za ki bi, fara da tsane naman sosai. Launin ruwan ƙasa da ƙamshin nan na soyayyen nama suna fitowa ne daga haɗuwar furotin da sukari a zafi mai yawa, abin da masanin kimiyyar Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Ba ya kankama sai zafi ya kai wajen digiri 140, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Muddin akwai ruwa a kaskon, naman sulala yake yi, ba soyuwa ba. Dalilin ke nan da ya sa ba a cika kasko. In naman da yawa, ki soya kashi biyu ko uku.

In hanyar sauri ce, bari kasko ya yi zafi, ki zuba mai kaɗan, ki jera naman, sannan ki ƙyale shi. Yawan juyawa yana hana shi yin launi. In ya yi, da kansa zai saki kaskon. Yankan gadon baya mai kaurin yatsa yana buƙatar minti 3 zuwa 4 kowane gefe, hanta minti 2 zuwa 3. Hanta in ta wuce haka sai ta yi tauri da ɗaci-ɗaci. Ƙirjin kaza ki ɗan bubbuga shi kaurinsa ya daidaita, in ba haka ba bakin zai bushe kafin tsakiya ta dahu. Cinyar kaza ta fi haƙuri, ko an ɗan manta da ita ba ta ɓaci, don haka ita nake ba mai koyon girki shawara ya fara da ita.

In doguwar dahuwa ce, fara soya naman sama-sama ya yi launi, ki kwashe. A cikin man ki soya albasa, tafarnuwa da citta, ki zuba ruwa kaɗan ki kankare abin da ya kama gindin tukunyar, domin ɗanɗano ne zalla. Mayar da naman, ki ƙara ruwa ya kai rabinsa ko ya ɗan fi, ba sai ya nutse ba. Da ya tafasa ki kwashe kumfar, ki rage wuta har sai ƙwayar tafasa tana tasowa jefi-jefi, ki rufe. Tafasa mai ƙarfi tana matse tsoka ta kore ruwanta, ruwan tukunyar kuma ya ƙone kafin jijiya ta narke. A nan ne sauri ke haifar da nawa. Wuya da ƙwaurin sa suna cin awa biyu zuwa uku, kafaɗar rago ko akuya awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In kin taɓa bayan awa guda kin ji ya fi ɗazu tauri, kada ki karaya, haka yake yi kafin ya saki. Tukunya mai matse tururi, wadda zafinta ke kaiwa wajen digiri 120, tana rage wannan lokaci zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku.

Mataki na shida: sanin ya dahu

Naman doguwar dahuwa cokali mai yatsu ne alƙalinsa: in ya shiga ya fita ba gardama, ya yi. Na saurin dahuwa kuwa ƙaramin ma'aunin zafi na girki ya fi ido tabbas. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sa digiri 74 ga kaza, 71 ga niƙaƙƙen nama, 63 ga gunduwar naman sa ko rago tare da hutun minti 3. Niƙaƙƙe ya fi buƙatar zafi ne saboda niƙa ta kai ƙwayoyin da ke saman nama har cikinsa. In babu ma'auni, tsaga cinyar kaza kusa da ƙashi, kada ki ga ja a tsokar, ruwan kuma ya fito garau. Soyayye ko gasasshen nama ki bar shi ya huta minti 5 kafin ki yanka.

Tunda maganar abincin kowane dare ake yi, yana da kyau a riƙa sauyawa. Asusun Binciken Ciwon Daji na Duniya yana ba da shawarar kada jan nama dafaffe ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako, kuma a 2015 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa sarrafaffen nama irin su sosej cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji. Kaza, kifi, ƙwai da wake suna cike sauran ranakun. Hanta tana da sinadarin ƙarfe sosai, amma yawan bitamin A da ke cikinta ya sa ake shawartar mai juna biyu ta kauce mata.

Ranar da kika samu sarari, ki dafa naman doguwar dahuwa ninki biyu. Ki raba abin da ya rage a ƙananan robobi masu murfi, ki sa a firji kafin awa biyu, tare da romonsa don kada ya bushe. Zai yi kwana 3 zuwa 4, kuma a daren da minti 20 kawai kike da su, sai ki ɗumama shi ya tafasa har ciki, ki haɗa da abin da ya sawwaƙa.