Yadda Ake Hawan Dutsen Cikin Birni a Yini Guda

Abin da ke yaudarar sabon mahayi shi ne ganin gari a ƙarƙashinsa. Yana hango benaye da motoci, sai ya ɗauka shan iska ya fito, ya taho da silifas da 'yar gorar ruwa guda. Alhali dutsen Table Mountain da ke Cape Town a Afirka ta Kudu tsayinsa mita 1,086 ne, ƙololuwar Baegundae ta dutsen Bukhansan a Seoul ta Koriya ta Kudu kuma mita 836, duk da cewa motar haya ke kai mutum kusa da gindinsu.

Da farko, kafin ka bar gida, duba yawan hawan da ke hanyar, kada nisa ya ruɗe ka. Hanyar Platteklip Gorge ta Table Mountain kimanin kilomita 3 ce kacal, amma a cikinta za ka hau kusan mita 700, galibi a kan matakalar dutse. Lissafin lokacin tafiya da William Naismith, wani mahayin duwatsu ɗan Scotland, ya kawo a 1892 har yau yana aiki: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan ƙarin awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Lissafin ƙaƙƙarfa ne, babu hutu a ciki, don haka sabon shiga ya ƙara rabinsa.

Sai sammako. Ni a wurina, wanda hantsi ya same shi a gindin dutse ya makara. Ba banza ba hukumar birnin Phoenix a Amurka ke rufe hanyoyin dutsen Camelback da rana a kwanakin tsananin zafi. Ka ɗauki ruwa kamar rabin lita ga kowace awa, da riga mai tare iska, domin kowane mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6. Takalmi ba sai mai tsada ba. Tsohon kambas ɗinka mai kama ƙasa ya fi sabo dal da zai yi maka bororo.

To ga inda na fi ganin mutane suna kasawa: rabin awar farko. Jiki da ƙarfi, sai a kama tsallake matakala bibbiyu ana wuce jama'a. Can gaba kaɗan ka tarar da mutum zaune a kan dutse yana haki, riga sharkaf, gora ta kusa ƙarewa, ko kwata ɗin hanya bai ci ba. Ka tafi da saurin da za ka iya yin magana da abokin tafiyarka ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Gajeren taku, tafin ƙafa duka a kan matakala, ba yatsu kaɗai ba. In za ka huta, huta a tsaye minti biyu, dogon zama yana sandarar da cinya. Kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai kama ka ba. Da zarar ruwan ya kai rabi, juya, ko da kana hango ƙololuwa. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya kuwa, nemi inuwa nan take ka fasa hawan.

Saukowa a yi ta da gwiwa a ɗan lanƙwashe, a ɗaure igiyar takalmi tamau, a bar wa masu hawowa hanya. Kada ka dogara da motar igiya, wato wadda ke rataye a jikin waya tana kai mutane saman dutse, ta sauko da kai, ta Table Mountain takan tsaya idan iska ta yi ƙarfi, sai ka tanadi ƙarfin da zai kai ka ƙasa da ƙafarka kafin duhu.