Yadda Malamin Jami'a Zai Haɗa Koyarwa da Bincike

Wanda ya fara aikin koyarwa a jami'a a Najeriya ba ya daɗewa yake gane cewa aikin da ke cinye masa yini daban, aikin da ake auna shi da shi kuma daban. Lacca da duba takardun jarrabawa da taron sashe su ne ke cika masa mako, amma ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna, maƙalolin da ya wallafa ake ƙirgawa, idan kuma kujerar farfesa yake nema, sai an aika da su ga masana na wasu jami'o'i sun tantance. A ganina mafita ita ce malami ya sa ajinsa ya riƙa ciyar da bincikensa.

Da farko ya nemi kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arsa ya karanta da kansa, kada ya dogara da abin da ya ji a bakin abokan aiki, domin kowace jami'a da irin makin da take bai wa maƙala da littafi da takardar taro.

Daga nan sai batun lokaci. Da zarar jadawalin zangon karatu ya fito, ya ware safiya biyu a mako, ko da sa'o'i biyu-biyu ne, ya rubuta su a jadawalin kamar yadda ake rubuta lacca. Zai fi kyau ya yi wannan zama a ɗakin karatu ko a gida, saboda malamin da ke ofis ba ya rasa mai ƙwanƙwasa ƙofa. Kada a jingine rubutu sai hutu, domin hutun kan tafi wajen haɗa sakamako, kuma duk wanda ya ga yadda aka matse zangunan karatu bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata 8 a 2022 ya san ba kullum hutun yake samuwa ba.

Mataki na uku shi ne ginshiƙin al'amarin, wato ya ciro tambayar bincikensa daga kwas ɗin da yake koyarwa. Ya riƙa shiga aji da ƙaramin littafi, duk tambayar da ɗalibi ya yi wadda amsarta ba ta gamsar da shi kansa malamin ba, ya rubuta ta kafin ya bar ajin. A ɗauki misalin malamin aikin gona da aka ba shi ɗalibai 6 na ajin ƙarshe ya duba kundinsu. Maimakon kowa ya kama nasa batun, sai ya haɗa su a kan tambaya guda, kamar yadda wake yake jure ajiya a buhun nan mai hawa uku na PICS idan aka kwatanta da buhun gargajiya. Wani ya je kasuwar Dawanau ya tattauna da dillalai, wani ya riƙa ƙirga ƙwayoyin da ƙwari suka huda kowane wata, wani ya lissafa kuɗin da manomi ke kashewa. A ƙarshen shekara kowa ya sami kundinsa, malami kuma yana riƙe da bayanan da za su iya zama maƙala. Sharaɗin da ba na yarda a sassauta a nan shi ne a sa sunan duk ɗalibin da ya yi aiki na haƙiƙa cikin marubuta, domin guminsa amana ne a hannun malaminsa.

Kayan karatu ba su kai wahalar da ake zato ba. Shafin AJOL ya tattara ɗaruruwan mujallun Afirka, ma'aikatan ɗakin karatu kan san hanyar shiga Research4Life, shirin da ke bai wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallun ilimi, manhajar Zotero kuma kyauta ce wajen tsara manazarta. Mai nazarin tarihi yana da Arewa House da Ma'adanar Takardu ta Ƙasa, duka a Kaduna.

Game da kuɗi, malamin jami'ar gwamnati ya fara da ƙaramin tallafin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, wanda ake nema ta hannun jami'arsa, kafin ya haɗa kai da abokan aiki su nemi babban tallafin bincike na ƙasa. Ya rubuta takardar neman tun kafin sanarwa ta fito, domin wa'adin kan zo a tsakiyar hidimar aji.

Idan maƙala ta kammala, ya fara gabatar da ita a taron ƙara wa juna sani na sashe, ya gyara, sannan ya zaɓi mujalla da idon basira. Mujallar da ta aiko saƙon imel tana alkawarin bugawa cikin mako guda muddin an biya kuɗi, ba ta da lokacin kai aikin ga masu tantancewa, kuma kwamitoci da dama ba sa ba irin wannan maki. Ya duba ko sunanta yana cikin DOAJ ko Scopus, wato rumbunan intanet da ke jera mujallun da aka tantance, ya karanta maƙala biyu ko uku daga fitowarta ta baya, ya kuma tambayi wani babba a sashensa kafin ya tura.