Yadda ake binciken kayan tarihi kafin a sabunta layin wutar lantarki

Sabon shiga yakan ɗauka cewa idan layin wuta ya daɗe a wuri, babu sauran abin nema a ƙarƙashinsa. Ba haka ba ne. Yawancin tsofaffin manyan layukan wuta masu ƙarfin 330kV na Najeriya an kafa su kafin dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, don haka ba lallai ne wani ya taɓa duba ƙasar da suka ratsa ba.

Ka fara da karɓar taswirar aikin daga injiniyoyi, mai ɗauke da lambar kowane turke, wato dogon ƙarfen da ke riƙe da wayoyin wuta. Faɗin filin layin 330kV mita 50 ne, na 132kV kuma mita 30. Amma kada ka yarda a ba ka ta layin kaɗai. Ka nemi inda za a fasa hanyoyin manyan motoci, inda za a kafa sansanin ma'aikata, da inda za a ɗebi marmara. Waya a sama take wucewa. Katafila ce ke ɓarna, kuma a waɗannan wurare ta fi yin ta.

Sai takarda daga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, wadda dokar 1979 ta kafa. Ba a haƙa don neman kayan tarihi sai da izininta. Ka nema da wuri, takarda ba ta sauri.

Kafin ka taka gonar kowa, ka je gaisuwa wurin hakimi, ya haɗa ka da dagaci da masu unguwa. Kada ka ce kana neman "kayan tarihi", za a ɗauka gumaka ka zo saye, musamman a kudancin Kaduna inda masu haƙar sata suka daɗe suna wawure sassaƙen Nok, wato tsofaffin gumakan yumɓu. Tambaya za ka yi: ina kufan garin nan, ina tsohuwar maƙabarta, ina aka taɓa narka tama? Ka ɗauki tsohon mafarauci ɗaya ya yi maka jagora. Abin da za ka ba shi bai kai kuɗin man mota na yini ba.

Yanzu tafiyar kanta, wadda a nan ne yawanci ake lalata aiki. Ni dai ba na yarda da binciken damina. Ciyawa ta rufe komai, mutum ya yi ta tafiya ya dawo ya rubuta "ba a ga komai ba". A bari sai bayan girbi, ƙasa ta fito fili. Ku jera, tsakanin mutum da mutum kamar mita 10, a tafi a hankali, ido a ƙasa, ba a kan wayar hannu ba. Abin nema shi ne tsingaro da ya taru wuri guda, kashin maƙera, dutsen niƙa, ragowar ganuwa, bakin karofi da ya cike, tudun da ƙasarsa ta yi toka-toka. Kukoki da yawa a dajin da babu gida alama ce ta kufai. A leƙa bakin kwari da ramukan da ruwa ya zaizaye, don sassaƙen Nok na farko ma a ramin haƙar kuza aka tsinto shi a 1928, ba a sarari ba.

Idan an ga abu, kada a ɗauka. Yara masu zumuɗi sukan cika leda da tsingaro su kawo da yamma, ba wanda ya san daga turke na nawa ya fito. Wannan ya zama shara. A tsaya, a ɗauki lambar GPS, a ɗauki hoto da ma'auni a gefe, a zagaya a gano iyakar wurin, a rubuta turken da ya fi kusa. Sai bayan haka a zaɓi kaɗan, bakin tukunya ko mai zane, a sa a leda da takarda a ciki.

Inda ƙafar sabon turke za ta sauka a kan wurin da ake zargi, a yi ramin gwaji mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, a tankaɗe ƙasar. Gawayi a naɗe shi daban don auna shekaru, ko da yake wannan awon yana da tsada.

Rahoton ya zama gajere: wurin da za a kauce wa, wurin da za a haƙe kafin aiki, wurin da za a tsaya a sa ido. Matsar da turke a taswira ya fi arha nesa ba kusa ba. Kaburbura kuwa maganar masu gari ce. A ƙarshe a sa a cikin kwangila cewa direban katafila zai kashe inji ya kira ka da zarar ya ga tukunya ko ƙashi.