Yadda za ka tayar da tsohon Casio ɗinka na ƙuruciya

Yawancin agogunan da ake cewa sun mutu, batir ne kawai ya ƙare musu. Ina nufin irin baƙin Casio F-91W ɗin nan na roba, wanda ya fara fitowa a 1989 kuma har yau ana ƙera shi. Batirinsa CR2016 ne, yakan kai wajen shekara 7. To wanda ya daɗe jibge a cikin durowa, dole ka tarar da fuskarsa fayau babu ko lamba ɗaya.

Ka tanadi ƙaramar sukudireba mai baki huɗu, da hantsaki na ƙarfe, da tsinken sakace, da auduga, da sifirit. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur kafin ka taɓa komai, domin kusoshi huɗun da ke riƙe da murfin baya ƙanana ne ƙwarai, in ɗaya ta faɗi ƙasa sai dai haƙuri.

Da ka ɗaga murfin za ka ga wani siririn zoben roba kwance a gefe. Shi ke hana ruwa da gumi shiga. Cire shi a hankali, kada ka ja shi ya miƙe. Injin gaba ɗayansa yana fitowa daga gidansa, batirin kuma yana ƙarƙashin wani faifan ƙarfe mai maƙalai a gefuna. Ka ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, ban da ƙarfi. In ka ga farin gari ko tsatsa a mazaunin batirin, goge da auduga mai ɗan sifirit, ka bari ya bushe sarai. Sabon batir kuwa ka kama shi ta gefe, ɓangaren da ke da alamar + yana kallon sama.

Ga inda mutane da yawa ke yanke ƙauna. Sun sa sabon batir, fuska ba ta kawo komai ba, ko ta kawo wasu guntayen lambobi marasa kan gado, sai su ce ai injin ya ƙone. Bai ƙone ba. Duba jikin faifan da kyau, akwai ɗan rami da aka rubuta AC a kusa da shi. Sa bakin hantsaki ɗaya a cikin ramin, ɗayan a bayan batirin, ka riƙe kamar daƙiƙa biyu. Juya shi, za ka ga 12:00 ta bayyana. Sai ka mayar da komai yadda ka same shi. Ka lura da ɗan harshen ƙarfen da ke taɓa murfin baya, in ya lanƙwashe ƙararrawa ba za ta yi kuka ba.

Gilashinsa na roba ne, saboda haka farin man goge baki da tsumma mai laushi suna ɗauke ƙananan ƙarje-ƙarje, in ka yi ta murzawa a zagaye. Masu zurfin ni ba na bin su. A ganina agogon da ka sa tun kana makaranta bai kamata ya koma kamar yau aka ɓare shi daga kwali ba. Dauɗar da ta daskare a gindin maɓallai, tsinken sakace ya ishe ta.

Madauri ne ba ya gyaruwa. Robar takan bushe ta tsattsage, sai dai canji. Nemi mai faɗin milimita 18, kuma ka adana 'yan sandunan da ke riƙe shi, galibi suna nan da ransu.

In naka marar batir ne irin Seiko 5, kada ka buɗe shi a gida. Girgiza shi a hankali ka kara a kunne. In bai tashi ba, aikin mai gyaran agogo ne.

Shi kuwa Casio, ko ya tashi kada ka yi wanka da shi, zoben robar nan ya tsufa. In kana son sanin ko na asali aka saya maka tun farko, danna maɓallin dama ka riƙe daƙiƙa uku. Na gaske ƙirar baya-bayan nan zai rubuta CASIo a fuskarsa, amma tsohon ƙira ba lallai ya rubuta ba ko da na asali ne.