Tubali na cikin ƙunshi amma ba a ganin sa: kurakuran manifes ɗin JAR da gyaransu

Ɗan ƙanwata yana karatun kwamfuta a nan Jidda, yana kuma taya wani ofishin masaukin alhazai aiki. Ya rubuta ɗan tubalin manhaja da Java mai nuna kwanan watan Hijira bisa lissafin Ummul Ƙura, wanda Java ke ɗauke da shi tun fitowar Java 8 a 2014. So yake abokan aikinsa su riƙa jawo tubalin suna ɗorawa a fuskar duk manhajar da suke ginawa, ba sai kowa ya sake rubuta nasa ba. Ya ƙunshe shi a fayil ɗin JAR, wato ƙunshin da ake tara fayilolin Java a ciki, ya tura musu, suka ce ba su ga komai ba. Ranar Juma'a bayan isha'i sai ga shi da kwamfutarsa a hammata: "Kawu, wallahi yana ciki, sau uku ina dubawa." Yana ciki kuwa. Sunansa ne bai shiga manifes yadda ya kamata ba.

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgi ya san manifes. Ko kana tsaye da jakarka a bakin ƙofa, in babu sunanka a takardar, ba ka cikin tafiyar. Haka ƙunshin JAR yake: akwai fayil mai suna MANIFEST.MF a cikin jakar META-INF, kuma tun tsarin JavaBeans da kamfanin Sun Microsystems ya fitar tare da JDK 1.1 (kayan gina manhaja da Java) a 1997, a nan ake nuna wane fayil ne tubalin da za a iya sake amfani da shi. Abin da ake buƙata bai wuce wannan ba:

Manifest-Version: 1.0

Name: masauki/kalanda/KalandarHijira.class
Java-Bean: True

Layi uku da fili ɗaya a tsakani. Abin da ke wahalar da mutane shi ne yawancin kurakuran wurin nan ba sa ƙara. Ƙunshin zai haɗu lafiya lau, babu jan rubutu, sai ka tura wa mutane sannan ka ji labari.

Kuskuren yaron nan na farko, kuma shi na fi gani a wajen masu koyo, shi ne rashin barin filin nan. Manifes kashi-kashi ne. Kashin farko yana magana ne a kan ƙunshin gaba ɗaya, sauran kuma kowanne na fayil guda ne, yana farawa da Name, kuma layin da babu komai a cikinsa shi ne katangar da ke raba su. In ka manna Name a ƙarƙashin Manifest-Version kai tsaye, to alamar Java-Bean ta faɗa kashin farko, ta zama ba ta kowa ba. Wasu kuma garin gyara sai su wuce gona da iri, su bar fili tsakanin Name da Java-Bean. Wannan ya fi sauƙi, domin jar, umarnin da ke haɗa ƙunshin, zai ƙi karɓa ya ce tsarin manifes bai yi ba. Ƙa'idar dai ita ce fili kafin kowane Name, ba bayansa ba. In tubalanka biyar ne, kashi biyar za ka rubuta, kowanne da alamarsa.

Sai yadda ake rubuta sunan. Hannu ya saba da masauki.kalanda.KalandarHijira da ɗige-ɗige, domin haka ake kiran aji (class) a cikin Java. Amma manifes ba sunan aji yake tambaya ba, hanyar fayil yake so kamar yadda take a cikin ƙunshi: da karan da ya jingina gaba, da .class a ƙarshe. Masu Windows su kula kada su sa karan da ya jingina baya. Manya da ƙananan haruffa ma sai sun dace da na fayil ɗin. Ni ba na rubuta sunan da ka. Ina buga jar tf da sunan ƙunshin, ya jero mini abin da ke ciki, in kwafo layin in manna. Kalmar True kuwa ba ta da wannan tsanani, ko da ƙaramin harafi ka fara ta an karɓa. Abin da ba a yafewa shi ne rashin tazara ɗaya bayan ɗigo biyun.

Akwai wanda ya fi ba ni takaici, don yakan cinye wa mutum dare guda: layin ƙarshe. In ka gama rubuta Java-Bean: True ka adana ba tare da ka danna Enter ba, ana iya watsar da layin gaba ɗaya, shiru. Kuma ka lura, a irin wannan fayil layin ƙarshe shi ne alamar da ka zo sawa. Za ka buɗe fayil ɗinka ka gan ta da idonka, alhali ba ta shiga ƙunshi ba. Ka danna Enter bayan layin ƙarshe kullum.

Mu da ke aiki a ƙasar nan muna da namu ƙarin. Kwamfutocinmu na sauya harshe tsakanin Larabci da Turanci, kuma sau da yawa ana turo wa mutum layukan ne a cikin saƙo mai Larabci. Rubutun da aka kwafo daga irin wannan saƙo yakan ɗauko alamomin da ke nuna wa rubutu ɓangaren da zai dosa, dama ko hagu, kuma ido ba ya ganin su. In ɗaya ta maƙale a sunan fayil, sunan ya canza ke nan ko da yake a fuska daidai yake. Haka ma alamar BOM da wasu manhajojin rubutu ke liƙawa a farkon fayil, ita takan sa jar ya ƙi layin farko. Maganin shi ne ka buga layukan da hannunka a manhajar rubuta lamba, ka adana da UTF-8 marar BOM. Sannan dokar tsawon layi baiti 72 ce, ba harafi 72 ba. Harafin Larabci baiti biyu yake ci, haka ƙ da ɗ da ɓ namu. Layin da ya yi tsawo ana karya shi ne a fara ci gabansa da tazara ɗaya tak. Shawarata, sunayen jaka da na aji a bar su da haruffan boko marasa lanƙwasa, Larabci da Hausa su zauna a rubutun da mai amfani zai gani.

Wajen haɗa ƙunshin ma ana tuntuɓe. A umarnin jar cfm, f (fayil ɗin ƙunshi) ya riga m (manifes), saboda haka sunan ƙunshi ne farko, na manifes ya biyo. In ka juya su, zai nemi karanta ƙunshin a matsayin manifes. Daga JDK 9 akwai dogon salo, --create --file da --manifest, wanda ba ya ruɗa mutum, shi nake koya wa yara yanzu. Wasu kuma sukan ajiye nasu MANIFEST.MF a META-INF ta cikin jakar da za a ƙunshe, su ɗauka ya shiga. Bai shiga ba: jar yana tsallake shi ya rubuta nasa mai layi biyu. In da Maven ko Gradle, manhajojin da ke haɗa maka ƙunshi da kansu, kake gini, a fayil ɗin gininsu za ka rubuta kashin, don duk gyaran da ka yi da hannu ginin gaba zai shafe shi. Ƙunshin da aka riga aka sa wa hannu da jarsigner kuwa, gyara kashin fayil a manifes ɗinsa yana ɓata sa hannun, sai an sake.

Kada kuma murna ta sa ka bi kowane fayil da alama. Ajin BeanInfo, mai bayanin tubali, da ajujuwan taimako ba tubala ba ne. Ana gane BeanInfo ta sunansa, ajin da tubali ya dogara da shi kuma akwai layin Depends-On dominsa. Alamar ma ba ta mayar da aji tubali. In ba shi da magini (constructor, abin da ke tayar da aji) da ke buɗe ga kowa wanda ba ya neman komai, manhajar zanen fuska irin NetBeans za ta ga sunansa amma ta kasa tayar da shi.

A daren nan mun gyara filin, mun cire ɗige-ɗigen, yaron ya miƙa hannu zai tura. Na ce ya dakata ya buga unzip -p kalanda.jar META-INF/MANIFEST.MF mu karanta na cikin ƙunshin, ba na kan teburinsa ba. Name ya fito, Java-Bean babu. Ya koma ƙarshen layin ya danna Enter, ya sake haɗawa, muka sake karantawa, sannan ya tura.