Yadda Ake Haɗa Tsaka Mai Zanen Damisa da Ƙyanƙyashe Ƙwanta a Gida

Duk waɗanda na ga sun shiga wannan kiwo, samun ƙwai bai ba su wahala ba. Asarar a cikin robar ƙwai take faruwa, kuma galibi ruwa ne ke jawo ta, ko hannun mai kiwon da ya kasa haƙuri.

Fara da macen. Kar namiji ya kusance ta sai ta cika shekara, nauyinta ya kai giram 50. Ɗora ta a sikeli, kar ka kimanta da ido. A jela take tara kitse, saboda haka in jelar siririya ce, a bar ta sai baɗi. Za ta riƙa zuba ƙwai bibbiyu duk bayan mako biyu zuwa huɗu, har sau shida ko fiye a shekara, kuma daga kalsiyam ɗin jikinta kowane ɓawo ke fita. Ajiye mata garin kalsiyam a ɗan murfi, ka kuma barbaɗa mai haɗe da bitamin D3 a kan gyare da tsutsar da take ci. Nau'in Enigma da Lemon Frost kuwa, kar ka sa su barbara ko kaɗan komai kyansu: na farko yana gadar wa 'ya'ya ciwon jijiya mai sa juwa, na biyu ƙari a fata.

Idan ka haɗa namiji da mace, namijin zai kaɗa jela da sauri ya cije ta a wuya, haka suke yi. In tana ramawa tana gudu, raba su, a sake gwadawa bayan mako. Ni ba na yarda su wuce kwana uku tare, domin macen tana ajiye maniyyi, barbara ɗaya takan ishe ta zubi da yawa. Sa mata roba mai murfi da ka yanka wa ƙofa, da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa mai laima a ciki. Bayan mako biyu zuwa uku za ta rage ci, ta fara tono. In ta yi kwanaki tana tono ba ta zuba ba, jiki ya yi sanyi, sai likitan dabbobi.

To, ga inda ake faɗuwa. Ɓawon ƙwan nan laushi gare shi kamar fata, yana shan ruwa daga abin da aka kwantar da shi a kai. Nemi bamikulait, wani ma'adini marar nauyi mai riƙe laima, ka auna shi da ruwa kai da kai a sikeli: giram 100 na wannan, giram 100 na wancan. Da nauyi ake awon, ba da kofi ba. Damƙi kaɗan ka matse: ya dunƙule, amma ko ɗigo kar ya fita. Zuba shi a wata roba mai murfi, ka yi ɗan rami da babban yatsa, ka binne rabin ƙwan a kwance.

Kafin ka ɗaga ƙwai daga inda ta zuba, ɗiga masa alama da fensir a sama, ka kwantar da shi yadda ka same shi. Ba a juya shi kamar na kaza. Ɗan tayin yana manne wa ɓawo daga sama, in aka kife shi sai kwanduwa ta danne shi ya mutu.

Ranar farko auna robar gaba ɗaya da ƙwan a ciki, ka rubuta nauyin a jikin murfi. Duk mako ka buɗe sau ɗaya ta sha iska, ka sake aunawa, giram nawa ya ragu, shi kaɗai za ka mayar, a kusurwar roba, nesa da ƙwai. Na sha ganin sabon shiga ya hangi ɗan loɓawa a ƙwai ya ɗauko abin feshi ya jiƙe komai, kwana kaɗan ƙwan ya kumbura ya yi fumfuna. Ƙwan da ya loɓa don bushewa yakan ciko in ka ƙara laima kaɗan a gefensa, amma wanda ya sha ruwa ya wuce kima da wuya ya dawo. Raɓar da ke taruwa a murfi ma ka goge ta, ko ka ɗan karkata robar ta gangara gefe, kar ta ɗiga a kan ƙwai.

Zafi ne ke zaɓar jinsi. Digiri 26 zuwa 27 a ma'aunin salshiyas, yawanci mata, cikin kusan wata biyu. Digiri 29 zuwa 30, gauraye. Digiri 31 zuwa 32, yawanci maza, cikin kwana 35 zuwa 45. Sabon shiga ya tsaya a 28, don ko zafin ya ɗan motsa yana da sarari. Ba dole sai injin ƙyanƙyasa mai tsada ba, kular ajiye kayan sanyi da wayar ɗumamawa sun isa, ka jera gorunan ruwa a ciki su riƙe zafi. Amma kar ka yi rowa wajen na'urar daidaita zafi, kuma ka kunna komai kwanaki kafin ƙwai ya zo, da ma'aunin zafi a cikin robar kanta.

Bayan mako, haska ƙwan da tocila ba tare da ka juya shi ba. Mai rai zai nuna ja-ja da zoben jini. Zubin farko yakan zo fanko, amma kar ka jefar da ƙwai sai ya ruɓe yana wari.

Dab da fita, ƙwan zai yi gumi ya ɗan loɓa. Kar ka ƙara ruwa, kar ka taya shi fasawa. Kowane ɗa da robarsa, da tishu mai laima da wurin ɓuya. Ba zai ci komai ba sai ya yi saɓar farko, cikin kwana uku zuwa biyar, sannan ka ba shi ƙananan gyare da ba su fi tazarar idanunsa girma ba.